Ni da Jincheng da surukina

Kun dai san Jincheng ɗin nan nawa, wanda na saya hannu na biyu tun kafin a hana acaɓa a Kano a 2013. Sati biyu yana yi min iskanci iri ɗaya: da safe bugu ɗaya ya tashi, da ya ɗau zafi sai ya mutu murus, sai na tsaya gefen titi ina jiran ya huce kamar kunu. An canja fulogi, an wanke kafireta, duk a banza. Ranar Talata ya ƙi tashi kwata-kwata. Bakanike ya kwance fulogi, ya jingina shi da jikin inji, ya buga kik, ko ƙyas. Ya ce CDI ne, ɗan baƙin akwatin nan da ke tara wutar magineto ya sakar wa koyil a lokaci guda. Da ya faɗi kuɗin aiki sai raina ya ɓaci. Soket fa kawai za a zare a maƙala wani! Na ce ya bar shi.

Zuwana kasuwa biyu, domin na farko irin mai jan wuta daga batir aka ba ni, ni kuwa batirina ya rasu da daɗewa. Wannan labarin wata rana ne.

Bayan la'asar na baje kaya a ƙofar gida, majalisa ta cika. Na maƙala sabo, na miƙe ina kakkaɓe hannu kamar wanda ya haɗa jirgi. Sai na ce bari in nuna musu gwajin da na ga bakanike ya yi. Abin da ban lura da shi ba, shi ta roba ya riƙe. Ni ƙarfen na damƙa da yatsu uku, ɗaya hannun kuma na dafa inji, na sunkuya har hancina na kusa taɓawa don in ga shuɗiyar wutar da kyau.

Auta ya ce, "Yaya, in buga?"

Na ce, "Buga da ƙarfi."

Jama'a, sabon CDI yana aiki. Ta yatsa ta shiga, ta bi gwiwar hannu, na ji ta har a haƙoran ƙasa. Ni da nake zaton in wuya ta zo salati zan yi, abin da ya fito daga bakina shi ne "Wayyo Inna!" da wata siririyar murya da ban taɓa sanin ina da ita ba. Auta kuma ya zaci cewa na yi ya ƙara, ya sake dannawa. Na yi baya, na taka kwanon noti, na zauna daɓas a bakin kwata, hulata ta zanna ta yi nata waje cikin ruwan.

Ina ɗago kai sai ga takalman Baba, mahaifin maiɗakina. Mutumin da shekara takwas ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ya zo duba jikoki. Ya tsaya, ya dube ni, ya dubi hula, ya ce, "Sannu da aiki." Na ce, "Yauwa Baba, an zo lafiya?" Ina zaune fa a ƙasa, hannu na rawa, wai har ina ƙoƙarin gyara zaman ya zama durƙuso.

Amma wanda ya fi ƙona min rai mai facin layinmu ne. Tun farko yake ce min fulogi ne. Komai a wurinsa fulogi ne, ko taya ce ta sace. Shi ya tsamo hular da tsinken rake, ya ɗaga ta sama yana tambayar ta wace ce, alhali shi ya fi kowa sani, kuma har yau canjin ɗari biyar ɗina na wurinsa tun azumi. Kafin isha ya kai labari teburin mai shayi, a nasa ruwayar har suma na yi aka yayyafa min ruwa. Yanzu in zan wuce sai ya maƙale murya ya ce "Inna tana gaisuwa."

Babur dai bugu ɗaya yake tashi, ko ya yi zafi. Fitilar gaba ce kuma ta daina kamawa tun ranar, ina jin wata waya na tsinka garin faɗuwa. Gobe zan kai wa bakanike.