Sunaye rututu a takarda ɗaya ba kullum ne cuwa-cuwa ba

Masu cewa duk takardar binciken da ka gani da sunan mutum 50 ko 80 a kanta to "saka ni in saka ka" ne kawai na neman ƙarin girma, gaskiya ban ga laifinku ba, mun san ana yi. Amma dan Allah ku daina yi wa kowa kuɗin goro. Akwai fannin da in ka ga mutum ɗaya tilo yana ikirarin shi kaɗai ya gano wani abu to shi ne ma abin tuhuma.

Ku ɗauki Jørgen Christensen-Dalsgaard na jami'ar Aarhus a Denmak. Bawan Allahn nan tun daga digirinsa na uku a Kambirij a 1978 ƙarƙashin Douglas Gough abu ɗaya ya riƙe, kaɗawar da rana da sauran taurari ke yi. Eh, rana tana kaɗawa. Iskar gas mai zafi tana tafarfasa kusa da samanta, wannan tafasar ke tada amo a cikinta, amon ya nutsa ciki ya dawo, sai fatar ranar ta riƙa ɗagawa tana sauka kusan duk minti 5. Robert Leighton ne ya fara ganin abin a farkon shekarun 1960, Roger Ulrich ya zo a 1970 ya ce sauti ne da ya maƙale a ciki. Kamar dai yadda mai sayen kankana yake ƙwanƙwasa ta ya kasa kunne, daga amon ya san me ke ciki ba sai an yanka ba.

To ga inda matsalar take. Kana son ka auna wannan kaɗawar daidai dole ka zuba wa rana ido kwana da kwanaki ba ƙiftawa, amma magariba na yi shikenan ta faɗi, kuma wannan giɓin na kowane dare yana cusa maka amon ƙarya a lissafi. Duk iya kaifin ƙwaƙwalwarka ba ka isa ka hana rana faɗuwa a garinku ba. Sai da wasu masu bincike suka kwashi kayansu suka tafi can ƙuryar kudancin duniya kan ƙanƙara inda rana ba ta faɗuwa a lokacin bazararsu, don kawai su samu 'yan kwanaki a jere. Daga baya aka ce a'a a jera tashoshi zagaye da duniya, jerin tashoshin BiSON na jami'ar Birmingham guda 6 ne, ɗaya ma a Sutherland take a Afirka ta Kudu, wani jerin mai suna GONG shi ma 6 tun 1995. Rana ta faɗi a nan, wani a can ya karɓa. Yanzu wanda ya shekara yana goge madubi yana gyaran na'ura a wani tsauni, ka ce kar a sa sunansa?

Kuma fa ba aikin banza aka yi ba. A 1991 Christensen-Dalsgaard da Gough da Michael Thompson suka auna inda tafasar nan ta tsaya a cikin rana, wajen kashi 71 cikin 100 na nisan daga tsakiya zuwa fata, wuri ne da babu na'urar da za ta taɓa zuwa. Lokacin da ake rigimar cewa nutirino, wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi da ke isowa daga tsakiyar rana, ba su kai yawan da lissafi ya ce ba, wasu na cewa lissafin cikin rana ne ba daidai ba, wannan awon ya nuna lissafin na nan lafiya lau, a je a bincika nutirinon. Haka kuwa aka yi, a 2001 wani gwaji a Kanada ya nuna su ne ke sauya kama a hanya.

Amma ni abin da ya fi burge ni da mutumin ba wannan ba ne. Da NASA ta harba madubin hangen nesa mai suna Kepler a 2009, farautar duniyoyi aka tura shi, yana kallon taurari kusan 150,000 yana auna raguwar haskensu. Su 'yan Aarhus suka ga ai wannan awon hasken shi ne abin da suke nema, tunda kaɗawar tauraro na bayyana a haskensa, suka kafa haɗakar masu bincike mai suna KASC, kuma maimakon su ƙulle bayanan a durowa su yi ta fidda takardu su kaɗai har su yi ritaya, wanda wallahi da yawa haka za su yi, suka tara ɗaruruwan masana daga ƙasashe daban-daban aka raba aiki. A irin wannan haɗakar ne Paul Beck, ɗalibin Conny Aerts a Leuven ta Beljiyam, ya jagoranci takardar 2012 da ta nuna tsakiyar tsofaffin jajayen taurari na juyawa kamar sau 10 fiye da fatarsu. Ɗalibi fa, sunansa a gaba, manyan farfesoshi a bayansa.

A 2022 kyautar kimiyya ta Kavli ma mutum uku aka raba wa, Ulrich da Christensen-Dalsgaard da Aerts. In ka ga jerin sunaye ka tambayi me kowanne ya kawo, wa ya riƙe na'ura, wa ya rubuta manhajar lissafi, wa ya tace bayanan. Na wajenmu da ake sa sunan oga don shi ke sa hannu a fom, wannan kam ku ci gaba da caccakarsu, ina bayanku.