Kada a lalata tashar Funtuwa da sunan gyaran rufi

Tun da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ya kankama, hira a Katsina ta koma kan sababbin tashoshin Daura da Katsina da Jibiya. Madalla. Abin da ya ɓata mini rai shi ne maganar da nake ji a bakin wasu game da tsohuwar tashar Funtuwa, wai a kwashe rufinta a ɗora mata dogon kwanon alminiyum mai launi don ta shiga sahun na zamani.

Wane sahu? Layin Maraɗi mai kilomita 284 a 2021 Buhari ya ƙaddamar da aikinsa. Funtuwa kuwa tana kan layin Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, wanda aka kammala tun 1929. Ta nan audugar kudancin Katsina da gyaɗarta suka riƙa fita zuwa Ikko, bayan kakanninmu sun noma sun kai a bayan jakuna. Da jirgin nan garin ya bunƙasa.

Ban ce a bar rufi yana yoyo ba. Ruwa in ya sami kafa, katako zai ruɓe, gara ta shiga, bango ya jiƙe ya tsage. Amma mun san gyaran 'yan kwangilarmu. Za su rage tsayin rufin, su datse baranda don tsimin kwano, su kawo falle marar kauri kamar gwangwanin madara, iskar farkon damina ta naɗe shi. Magina na da sun san abin da suke yi: rufi mai tsayi yana rage zafi, bakinsa mai faɗi yana ba fasinja inuwa, yana kuma zubar da ruwa nesa da gindin bango. Ka datse wannan, ka kashe ginin, ko da kwanon yana ƙyalli.

Masu cewa ai tarkacen Turawan mulkin mallaka ne, su je su ga Kwalejin Katsina da yau ta zama gidan tarihi. Masu cewa babu kuɗi, su tuna kwangilar Maraɗi ta doshi dala biliyan 2.

Ya kamata Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta kira Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa kafin a cire ko ƙusa ɗaya. A auna rufin, a ɗauki hotonsa, a sauya abin da ya ruɓe kaɗai, da kwano mai kauri, a kan fasalinsa na asali.