Wa ke da ikon tsayar da injin?

Wani abokina da ke Amurka ya sha gaya mini cewa ƙungiyar ƙwadago ita ce ke lalata kayan masana'anta, wai tana kare malalaci har ya zama ba a iya korarsa. Ni kuma a nan Jamus nake aiki, a wata masana'antar kayan injin, inda kusan duk wanda ke kusa da ni ɗan IG Metall ne, wato ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan ƙarfe. Da maganarsa gaskiya ce, da yanzu babu mai waiwayar motar Jamus.

Ban ce ba shi da hujja ba. A shekarun 1970 yajin aiki ya yi wa British Leyland katutu a Ingila, motocinsu suka yi ƙaurin suna wajen lalacewa. Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai a ƙasar abokin nawa ya faru. A Fremont, jihar Kalifoniya, General Motors na da wata masana'anta da ta yi suna wajen fashin aiki da rigima tsakanin ma'aikata da manyansu. Aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, da sunan NUMMI. Ƙungiyar ba ta canza ba, UAW ce dai, ta ma'aikatan motoci a Amurka, kuma yawancin ma'aikatan tsofaffin ne aka dawo da su. Cikin ɗan lokaci ingancin motocin ya kusa kamo na Japan. Me aka ƙara? Igiya a saman layin haɗa motoci. Duk wanda ya ga kuskure ya ja ta, in ba a gyara nan take ba layin ya tsaya, kuma babu mai yi masa tsawa. Kafin nan, tsayar da layi babban laifi ne, sai kuskure ya bi mota har hannun mai saye.

Ga kuma ɗaya fuskar. A 1994 ma'aikatan kamfanin taya na Firestone a Amurka suka shiga yajin aiki, kamfanin ya ɗauko wasu a madadinsu. Masana tattalin arziki Alan Krueger da Alexandre Mas sun bi diddigin tayoyin da aka yi a masana'antar kamfanin da ke garin Decatur, suka gano cewa na lokacin rikicin sun fi yawan aibu, musamman sa'ad da masu yajin suka dawo suna aiki kafaɗa da kafaɗa da waɗanda suka maye gurbinsu. A 2000 aka janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa. Hannun da ke aiki da ƙullin zuciya, ai sai an ga alamarsa a kaya.

A nan Jamus, doka ce ta zaunar da ma'aikaci a teburin shawara. Tun 1976, kamfanin da ma'aikatansa suka haura 2,000, rabin kujerun majalisar sa ido na wakilan ma'aikata ne. Kada a ce ina yabon ɗan kuturu, tsarin na da nawa ƙwarai, canza jadawalin aiki kaɗai sai a yi makonni ana taro. Amma ran da na ga wani ƙarfe ya fito a karkace na kashe injin, shugaban sashenmu bai tambaye ni dalilin ɓata lokaci ba. Ma'auni ya ɗauko, muka duba tare.