Bidiyon YouTube Ba Ya Ba Da Maki

Tun daren jiya abin nan ke ci mini tuwo a ƙwarya. Waɗanda muka yi zaɓen 'yan wasan fantasi tare (wasan da kowa ke zaɓar 'yan wasa na gaske, yana samun maki gwargwadon abin da suka yi a fili) sun gani da idonsu: zagaye na biyu, ga gogaggun masu cafe ƙwallo birjik, sai mutuminmu ya tsallake su ya ɗauko yaron da ko sau ɗaya bai taka filin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ba. Da na yi magana a guruf sai ya turo mini bidiyon minti huɗu na wasannin yaron a jami'a, har da kiɗa. Madalla. Allah ya sa kiɗan ya ba ka maki ranar Lahadi.

Tambayata ɗaya ce, kuma har yanzu ba a amsa mini ba: wa zai jefa masa ƙwallo, kuma sau nawa?

Mun manta 2024 ke nan? Arizona ta ɗauki Marvin Harrison Jr. a lamba ta 4 a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, ɗan babban gida, ubansa ya yi shekaru yana karɓar ƙwallo daga hannun Peyton Manning. Jama'a suka yi ta rububinsa a zagayen farko-farko na zaɓen fantasi. Ya ƙare kaka da cafewa 62, yadi 885. Ba laifi ga sabon shiga, amma kuɗin bijimi kuka biya, aka ba ku tunkiya. A shekarar dai, Malik Nabers na Giants ya cafe 109, ba don masu jefa masa na da kirki ba, sai don an jefa masa sau 170; babu wani a gabansa. Rome Odunze na Chicago kuwa lamba ta 9 ne, amma ya tarar da DJ Moore da Keenan Allen sun riga sun zauna a bakin akushi, sai ya tashi da yadi 734. Gwanin ne, akushin ne ya yi kaɗan.

Na san abin da za ku ce: "Puka Nacua fa?" Ku daina, don Allah. Nacua hujjata ce. Lamba ta 177 aka ɗauke shi a 2023, yawancinmu a cikin kwantai muka tsince shi bayan makon farko, ko sisi ba mu biya ba. Cooper Kupp, babban mai cafe ƙwallo na ƙungiyarsu ta Rams, na jinya wasanni huɗu, mai jefa musu ƙwallo Stafford ya rasa wanda zai jefa wa, yaro ya samu ƙofa a buɗe ya yi yadi 1,486. Haka Justin Jefferson a 2020: Minnesota ta sallama Stefon Diggs ga Buffalo, gurbi ya buɗe, ya yi yadi 1,400. Jalen Reagor da aka kira kafin shi da lamba ɗaya tak, wa ke tuna shi in ba don tsiya ba?

"To Ja'Marr Chase fa?" Shi da Joe Burrow, mai jefa ƙwallo na Cincinnati, tare suka yi jami'ar LSU, ya san hannun mai jefa masa tun kafin ya sauka Cincinnati. Naka yaron ya san hannun wa?

Maganar gaskiya, ni ma ina son sababbin yaran nan. Akwai daɗi ka riga kowa gano yaro, ka zauna kana kallonsa yana girma mako-mako, ga shi da yawansu sai kaka ta yi nisa suke buɗewa. Amma ka ɗauke shi a zagaye na bakwai ko na takwas, ka ajiye a benci, ka yi haƙuri. Kafin ka danna sunansa, duba su wa suka bar ƙungiyar, su wa ke gabansa, kocin mai son jifa ne ko mai son gudu da ƙwallo. Wa zai jefa masa, sau nawa.

Af, shugaban guruf, ranka ya daɗe, wa ya ba ka shawarar sa zaɓe ƙarfe 1 na dare? Bai isa ba muna hana idonmu barci kallon wasan daren Lahadi da ke farawa 1:20? Intanet ɗina ta ɗauke a zagaye na 12, na dawo na tarar kwamfuta ta zaɓar mini masu bugu da ƙafa har biyu. Mai so ya yi magana, zan ba da ɗaya a kan katin waya.