Ƙannena, ba kowane shiru ba ne miskilanci

Da ku nake wannan maganar ƙannena maza da mata, musamman ku 'yan sakandare da ku da kuka shiga jami'a kwanan nan, saboda ku ne kuke kwana ɗaki ɗaya a hostel, ku ne kuke ganin abin da ɗan uwanku ya ɗora a status ƙarfe biyun dare, abin da Mama da Baba ba su gani ku kuna gani. In ƙawarki ko abokinka ya fara canzawa kafin kowa ya farga ku kun farga, amma abin da yake ci min rai shi ne sai ku mai da abin na tsokana, a ce wane ya fara ji da kai, wance ta zama miskila, ko a ce ai soyayya ce ta kayar da shi, a yi dariya a watse.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce cikin duk yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 akwai ɗaya mai fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan cututtuka tun kafin a wuce shekara 18 suke farawa. Kwatanta da aji mai ɗalibai 70 irin na makarantunmu na gwamnati, maganar mutum goma fa ake yi, kuma ba waɗanda suke yaga kaya a titi ba, a'a, masu zuwa aji da wankakken yunifom suna amsa gaisuwa lafiya lau.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawa shi ne ciwon damuwa, kuma dan Allah ku bambanta shi da ɓacin rai na kwana biyu wanda kowa yana yi in an faɗi jarabawa ko an yi faɗa a gida. Wannan yana ɗaukar sati biyu ko fiye kullum mutum yana cikin ƙunci, abin da yake so da duk ya fita ransa, yaron da ba ya wasa da zuwa ƙwallo da yamma sai ka ga ko tashi ba ya yi, yarinyar da ta fi kowa surutu sai kwanciya da juya baya, barci ya gagara ko kuma ya yi yawa, abinci ba ya shiga, karatu ba ya zama a kai ko an maimaita sau goma, ga gajiya ba tare da an yi aikin komai ba. A matasa kuma sau da yawa ba da kuka yake zuwa ba, da saurin fushi yake zuwa, abu kaɗan a hau faɗa, shi ya sa a gida ake ɗauka rashin kunya ce a kama bulala. Mafi muni shi ne yadda mutum yake fara ganin kansa ba shi da amfani, yana jin shi kaya ne a kan iyayensa. Wallahi wanda yake cikin wannan halin in ka ce masa ya daure ya saki ransa, kamar ka ce wa mai karaya a ƙafa ya tashi ya yi gudu ne.

Sai ciwon fargaba, shi kuma kullum zuciya a tsaye, me zai faru in ban ci JAMB ba, me mutane za su ce, har ta kai wani sai ya ji ƙirjinsa na bugawa da ƙarfi, numfashi na sarƙewa, jiki na rawa, gumi, yana jin kamar yanzu zai mutu, bayan 'yan mintuna abin ya lafa, a je asibiti a auna zuciya a ce lafiya ƙalau. Ba ƙarya yake ba, ba kuma neman a kula shi yake ba. Kar mu manta da yaran da suka taso daga Zamfara ko Katsina ko Borno bayan sun ga an kashe na kusa da su ko an kwana da su a daji, ana zaune babur ya wuce da ƙara sai su zabura, dare ya yi mugayen mafarkai, waɗannan suna buƙatar kulawa ta musamman ba a riƙa ce musu su manta ba.

Nan ne ƙwaya take samun ƙofa. Da yawa daga masu shan kodin da tiramol da rochi ba don gayu suka fara ba, barci suke nema, ko suna so kan ya yi shiru na awa biyu, sai wani aboki ya miƙo kwalba ya ce gwada wannan. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da kuma haɗa maganin tari mai kodin amma kun fi ni sanin yadda yake yawo har ɗakunan 'yan mata. In ya sake ka damuwar tana nan ta ninka, ga jaraba ta hau kai, ciwo ɗaya ya zama biyu. Duk abokin da ya ba ka wannan a matsayin magani cutar ka ya yi, ko da shi a ransa taimako yake gani.

Masu cewa ai rashin imani ne, ku ji tsoron Allah. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, yana nan a cikin Alƙur'ani, kuma Manzon Allah (SAW) da kansa ya riƙa neman tsari daga damuwa da baƙin ciki a addu'arsa, shi ne kuma ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. A yi addu'a, a yi azkar, a yi ruƙiyya, babu mai hanawa, amma a haɗa da asibiti, kar a shekara ana turare da hayaƙi yarinya tana ƙara lalacewa.

Yanzu abin da na fi so ku riƙe. In wani ya ce maka ya gaji da rayuwa, ko gara ya mutu kowa ya huta, ko ka ga yana yankar hannunsa da reza, ko ya fara rabar da kayansa yana neman yafiya ba dalili, kar ka ce wasa yake. Kashe kai yana cikin manyan abubuwan da suke kashe 'yan shekara 15 zuwa 29 a duniya. Tambaye shi kai tsaye, kana tunanin kashe kanka ne? Tambayar ba ta sa mutum ya aikata, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Ko ya haɗa ka da Allah ya ce kar ka faɗa wa kowa, wannan ba sirrin riƙewa ba ne, gara ya yi fushi da kai yana raye. Kar ka bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da magunguna daga kusa da shi, sannan ka nemo babba a ranar, ba sai gobe ba, in Baba mai zafi ne akwai Yaya, akwai Anti, akwai Kawu, akwai malamin Islamiyya ko wata malama a makaranta da take saurarar ɗalibai.

Wurin zuwa kuma akwai. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen. In nisa ne a fara da babban asibitin da yake kusa, likita zai tura ku inda ya dace. Ba kowa ake kwantarwa ba, ba kowa ma ake ba magani ba, wani zama ne da ƙwararre ana tattaunawa lokaci zuwa lokaci. Wanda aka ɗora a kan magani kuma ya sani yakan ɗauki 'yan makonni kafin a ji canji, kar a daina don an ga sati ɗaya ba labari, kar kuma a yanke shi don an ji sauƙi sai likita ya ce. Ke ƙawa, kai aboki, ranar komawa asibiti ku tuna masa, in da hali ku raka shi, don da yawa kunyar shiga ƙofar su kaɗai ce take sa su fasa.