Lauya da alƙali, ɗage shari'a ba dalili shi ma cin haƙƙi ne

Assalamu alaikum warahmatullah.

Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu, mijinta ya rasu ya bar mata marayu huɗu da gida ɗaya da ake rigimar gado a kansa. Shekara ta biyu ke nan tana zarya daga Rigasa, nan Kaduna, zuwa kotu. Ranar zama sai ta kife kaskon awararta, ta biya kuɗin keke, ta zauna a benci har azahar, sannan magatakarda ya leƙo ya ce an ɗage. Yau lauyan ɗaya ɓangaren yana Abuja, gobe ba a ga fayil ba, jibi alƙali ya tafi taro. Ba wanda ya nemi toshiyar baki a hannunta. Amma don Allah ku faɗa mini, ba a ci haƙƙinta ba?

Mu dai in an ce zaluncin kotu, hankalinmu kan tafi wajen cin hanci, kuma Annabi (SAW) ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Wannan kowa ya sani. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne jan ƙafa.

Malam lauya, da kai zan fara. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ummu Salama cewa Manzon Allah (SAW) ya ce shi mutum ne, ana kawo masa husuma, ta yiwu wani ya fi wani iya tsara hujja sai ya yanke masa bisa abin da ya ji. To wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, yankin wuta ne aka yanka masa. Iya tsara hujja kuwa ita ce sana'arka. In hukuncin Annabi bai halatta wa mai baki dukiyar wani ba, na wace kotu ne zai halatta? Allah kuma ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 105, kada ka zama mai husuma domin kare maha'inta.

Kada a fahimce ni baibai. Tsaya wa wanda ake tuhuma ba laifi ba ne. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar, a Musulunci ma hujja tana kan mai da'awa ne. Abin da nake ji maka tsoro shi ne ka san gidan na marayu ne, ka ga ba ka da abin faɗa, sai ka koma neman rana bayan rana har su gaji su sayar da rabonsu a wulaƙance. Ƙa'idojin aikinku na 2007, da aka sabunta a 2023, sun kira ka jami'in kotu, sun hana ka jinkirta shari'a da gangan, sun hana ka kafa shaidar da ka san zur ce, sun hana ka cakuɗa kuɗin wanda kake wakilta da naka. In kuwa ka karɓi kuɗin aiki, ka halarci zama. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Allah ya gafarta Malam alƙali, na san ƙararraki sun yi maka yawa, kuma da hannunka kake rubuta komai. Amma hadisin Buraida da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito bai sassauta ba: alƙalai uku ne, biyu a wuta, ɗaya a aljanna. A cikin biyun har da wanda bai yi niyyar zalunci ba, ya dai yanke hukunci ne da jahilci. Sayyidina Umar a wasiƙarsa ga Abu Musal Ash'ari ya umarce shi ya daidaita mutane a kallonsa da mazauninsa, ya kuma ce faɗin gaskiyar da ba a zartar ba ba ya da amfani. In ka bi ta titin Independence a Kaduna ka ga katangar gidan gyaran hali, ka tuna a gidajen yarin ƙasar nan masu jiran shari'a sun fi waɗanda aka yanke wa hukunci yawa. Wani sa hannunka kawai yake jira.

Mu ma masu kai ƙara ba mu fita ba, don sau da yawa mu ne ke raɗa wa lauya ya ja maganar har abokin shari'a ya galabaita.

Ita dai uwar marayun an sake sa musu rana, sai bayan Sallah. Babban ɗan nata ya bar makaranta ya koma gareji. Ku sa ta a addu'a.