Madarar tamowa: har yaushe ran yaranmu zai rataya a kan kuɗin wasu?

Duk wanda ya taɓa leƙa wurin awon yara a ƙananan asibitocin Sakkwato ya san igiyar nan mai launi uku da ake zagaya wa yaro a damtse. Idan ta tsaya a kore, uwa ta yi hamdala. Idan ta tsaya a ruwan ɗorawa, sai a ja mata kunne. Idan kuwa ta faɗa ja, wato kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, to yaron ya shiga tamowa mai tsanani, kuma gudawa ko ƙyanda ta kwana biyu na iya tafiya da shi. A nan ne ma'aikaciyar lafiya ke buɗe kwali ta ƙirgo wa uwar ƙunshin abin da mutane ke kira madarar tamowa.

Abin da ke cikin ƙunshin ba baƙo ba ne a gare mu: gyaɗa niƙaƙƙiya, garin madara, sukari, mai, da sinadaran gina jiki. Wani likita Bafaranshe, André Briend, tare da kamfanin Nutriset ne suka haɗa shi a 1996. Ba a dafa shi, ba a dama shi da ruwa, saboda haka ko rijiyar gari ta gurɓata ba ta shafe shi ba, kuma uwa na iya jinyar ɗanta a ɗakinta maimakon ta bar sauran yara ta tare a asibiti. Duniya ta shaida ƙarfinsa ne a nan maƙwabtanmu, a Maraɗi, lokacin yunwar 2005, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubban yara da shi. Kwali ɗaya mai ƙunshi 150 kan ishi yaro ɗaya na mako shida zuwa takwas, kuma kuɗinsa kusan dala 50 ne.

Ina daga cikin masu ganin cewa duk wanda ya kawo wannan kwali ya cancanci godiya, ko daga ina ya fito. UNICEF ce ke sayen mafi yawan wannan abinci a duniya, da kuɗin gwamnatocin ƙasashen waje da na masu ba da sadaka da ba su taɓa jin sunan Gwadabawa ko Tangaza ba. A cikin birnin Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma, cutar nan da ke cinye kumatu da leɓen yaron da yunwa ta riga ta karya, kuma tun 2014 MSF ke tallafa masa. Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disamban 2023. Yaran da aka ɗinke wa fuska a can suna nan a raye, wasu har sun koma makaranta. Ba na yarda da masu cewa duk taimakon waje makirci ne.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara, kuma shekarar 2025 ta nuna mana haka ƙarara. A Janairu gwamnatin Donald Trump ta dakatar da taimakon da Amurka ke bayarwa a ƙasashen waje, zuwa Yuli kuma aka rufe hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID. Birtaniya ma ta sanar da rage nata kason. A tsakiyar shekarar Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa kuɗinta ya ƙare har za ta dakatar da tallafin mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas. MSF kuma ta ce yara 652 ne suka rasu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Katsina ba nisa gare ta ba. Geronmu ɗaya da nasu, daminarmu ɗaya, ɓarayin dajin da suka hana su noma su ne suka hana mutanen Isa da Sabon Birni zuwa gona.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 sun nuna kashi 90.5 cikin ɗari na mutanen jihar Sakkwato na cikin talauci ta fuskoki da dama, mafi yawa a faɗin Nijeriya. Jihar da ke a wannan hali ba ta da hujjar ɗaukar maganin tamowa a matsayin aikin ƙungiyoyi. Magani ne kamar na zazzaɓin cizon sauro, kuma wurinsa cikin kasafin kuɗin jiha yake, da layinsa, da adadinsa, da ranar da za a saki kuɗin.

Za a ce babu kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, a daidai lokacin da kwanon gero da wake ya fi ƙarfin magidanci. Daga aljihun mahaifin yaron nan wannan ƙarin ya fito, to a mayar masa da wani abu ta bakin ɗansa. Ga kuma asusun da UNICEF ke jagoranta na abincin yara, wanda ke ninka duk abin da gwamnati ta zuba: ka kawo kuɗin kwali ɗaya, a ba ka biyu. Kuma ba sai an jira jirgin ruwa ba, domin akwai masana'antun da ke yin wannan abinci a Kano da Legas. Muna da hukumar zakka da waƙafi, muna da attajirai. Ban san miskinin da ya fi yaro ɗan wata goma wanda damtsensa ya faɗa ja cancantar zakka ba.

Akwai laifin da yake namu ne mu talakawa, kuma ba zan rufe shi ba. Ana ganin wannan madara a kasuwa da bakin tasha, manya na saye suna lasa. Duk ƙunshin da aka sayar, abincin wani yaro ne aka cire daga bakinsa. Wanda ya karkatar daga ɗakin ajiya a hukunta shi. Uwar da ta sayar don ta auno tsabar da za ta ciyar da sauran 'ya'ya biyar kuwa, abin da take gaya mana shi ne gidan gaba ɗaya ke jin yunwa, kuma kwali ɗaya ba zai warkar da gida ba.

Shi ya sa rigakafin ya fi muhimmanci, kuma mafi yawansa ba ya buƙatar dala. Kada a zubar da dakashi, a bar jariri ya sha nono zalla wata shida ko da zafin Afrilu ya kai inda ya kai, a ƙara wa kunu gyaɗa, waken suya da zogale. Nan aikin limamai ne da hakimai da kakanni, domin a gidajenmu da yawa maganar uwar miji ta fi ta ma'aikaciyar asibiti nauyi. Mai gida kuma ya tuna mai ciki da mai goyo su ne farkon waɗanda ya kamata a zuba wa, ba na ƙarshe ba.

Yaran sun fi cika asibiti ne daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, ga zazzaɓi da gudawa. Wannan lokaci ba ya zuwa ba zato, kowace shekara yana nan tafe. Don haka abin da nake roƙon 'yan majalisar jiharmu shi ne, idan kasafi ya zo gabansu, su tambayi kwali nawa aka tanada, ƙananan hukumomi nawa daga cikin 23 zai kai, kuma su tsaya kai da fata a saki kuɗin tun kafin ruwan farko ya sauka.